Me Ya Sa Agaji Ba Ya Fitar da 'Yan Gudun Hijira Daga Tantuna?

Wata malama ta aiko da tambaya tana cewa: "Kullum muna jin ana sanar da biliyoyin daloli na agaji domin mutanen da yaƙi ko ambaliya ko girgizar ƙasa ta raba da gidajensu, amma bayan shekaru sai mu ga suna nan cikin tantuna suna bin layin abinci. Ina kuɗin suke tafiya? Kuma idan mutum yana son ya taimaka, ya fi kyau ya tara kaya ya aika ko ya ba da kuɗi?"

Malama, na yi shekaru ina wannan aiki, mafi yawa a ɓangaren ruwa da tsafta da kuma rajistar sababbin zuwa, kuma ba zan ɓoye miki ba cewa akwai sata a cikinsa, akwai kuma almubazzaranci. Sai dai ko da yau an toshe kowace kafa ta sata, mutanen da kike gani ba za su bar tantunan ba. Dalili shi ne an ƙera agajin jinƙai ne domin makonnin farko na masifa, aikinsa ya hana mutane mutuwa, kuma a wannan fanni ya yi nasarar da ba kasafai ake yaba masa ba. Gudun hijira kuwa ya zama abin shekaru goma ko ashirin ko fiye, kuma abubuwan da ke fitar da mutum daga cikinsa, wato zaman lafiya da ƙasar noma da izinin neman na kai, ba a ɗauko su a motar agaji.

Kafin mu je ga kuɗi, ya kamata a rarrabe mutanen da ake magana a kansu, domin a bakin jama'a duka 'yan gudun hijira ne, amma a wurin doka ba ɗaya suke ba. Wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa saboda tsoron tsangwama yana ƙarƙashin yarjejeniyar Geneva ta 1951 da ƙarin da aka yi mata a 1967, wadda ta haramta a mayar da shi inda rayuwarsa take cikin haɗari, kuma akwai hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa takanas dominsa a 1950, wato UNHCR. Ƙasashen Afirka sun faɗaɗa wannan ma'ana a 1969 har ta haɗa da wanda mamaya ko rikicewar tsaro ta kora. Wanda ya gudu daga garinsa amma bai fita daga ƙasarsa ba kuwa, alhakinsa yana wuyan gwamnatinsa ne, ko da ita ce ta kore shi. Sai a 1998 aka samu ƙa'idojin da suka fayyace haƙƙoƙin irin waɗannan mutane, a ƙarƙashin jagorancin Francis Deng, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan irin waɗannan mutane a lokacin, kuma su ma ƙa'idoji ne na shiryarwa da ba sa tilasta wa kowa. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta fara aiki a 2012, ita ce ta farko da ta mayar da kare su wajibi a kan ƙasashen nahiya guda. A ƙarshen 2024, UNHCR ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 123 ne rikici da tsangwama suka raba da muhallansu, kuma sama da rabinsu ba su tsallaka wata iyaka ba. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan masu buƙata suna wuraren da ba a shiga da buhu ko ɗaya sai da amincewar gwamnati ko masu riƙe da bindiga.

Abin da agaji ya ƙware a kansa an koye shi ne da asarar rayuka. A watan Yulin 1994, ɗaruruwan dubban 'yan Ruwanda suka kwarara zuwa Goma, a ƙasar da ake kira Zaire a lokacin, cikin 'yan kwanaki kaɗan. Ƙasar wurin dutsen aman wuta ce da ta daskare, ba ta haƙuwa, saboda haka babu masai, kuma jama'a suna shan ruwan tafkin Kivu da ƙazanta take gangarawa cikinsa. Kwalara da atini suka kashe kimanin mutum 50,000 a wata guda, alhali ƙungiyoyin agaji sun cika wurin, kowacce tana aiki yadda ta ga dama. Bayan binciken da ya biyo baya ne ƙungiyoyin suka haɗu a 1997 suka soma tsara mafi ƙarancin ma'aunin da ake kira Sphere, wanda har yau da shi muke auna aiki. Ya tanadi lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana domin sha da girki da wanka, da masai ɗaya ga mutum 20, da kada wurin ɗiban ruwa ya wuce mita 500 daga masauki, da murabba'in mita 3.5 na wurin kwana mai rufi ga kowa, da abincin da ya kai kalori 2,100 a rana.

Waɗannan alƙaluma suna kama da ƙanana har sai an ninka su. A ce mutum 20,000 sun sauka a fili ɗaya, wanda ba babban sansani ba ne. Ruwansu na rana ɗaya lita 300,000 ne, wato sawu 30 na tanka mai cin lita 10,000, kowace rana, har ranar da aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Masansu 1,000 ne, kuma kowanne zai cika ya buƙaci kwashewa. Abincinsu ya haura tan 10 a rana. Na taɓa kwana uku ina lura da wani wurin ɗiban ruwa da famfo shida kacal suke aiki, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne layin jarkoki. Tun kafin asuba mata suke jera su, kowacce da alamar da mai ita ta ɗaura mata, tsumma ko igiya ko leda, su koma tanti su bar yaro yana gadi. Idan rana ta take layin bai motsa ba, sai ki ga wasu sun zare jarkokinsu shiru sun nufi wani kududdufi da ke bayan sansanin. Ba jahilci ya kai su ba, sun san ruwan ba shi da kyau, amma akwai yara a tanti da tukunya da ba a ɗora ba. Bayan kwana huɗu ko biyar sai asibitin sansanin ya soma cika da masu gudawa. Tun daga lokacin, idan na isa sabon wuri, tsawon layin jarkoki nake fara dubawa kafin in buɗe kowane rahoto.

A ɓangaren lafiya, alamar da muke bi ita ce yawan mace-mace: idan ya haura mutum ɗaya cikin 10,000 a kowace rana, ko biyu cikin 10,000 a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, to an shiga halin gaggawa. Abubuwan da ke kashe mutane a wannan lokaci sanannu ne, gudawa da ƙyanda da ciwon huhu da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, kuma maganinsu ba shi da tsada. Shi ya sa allurar rigakafin ƙyanda take cikin ayyukan farko, tun kafin a gama kafa tantuna. Ruwan gishiri da sukari ma a sansanin gudun hijira aka tabbatar da ƙarfinsa: a 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, wani likita ɗan Indiya mai suna Dilip Mahalanabis ya ga ruwan ƙari ya ƙare masa a Bangaon, sai ya sa dangin marasa lafiya suka riƙa ba su wannan haɗi da baki, kuma mace-macen kwalara suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ga tamowa kuma akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi. Idan kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, zaren zai nuna ja, kuma yaron yana cikin haɗarin mutuwa. A da sai an kwantar da irin wannan yaro, amma tun da aka ƙirƙiro abincin magani na gyaɗa da madara a cikin 'yar leda a shekarun 1990, uwa tana iya jinyarsa a tantinta matuƙar yana iya ci kuma babu wata cuta da ta haɗu masa. Duk wanda ya ga yaron da ba ya iya ɗaga kai ya tashi yana wasa bayan mako shida ba zai ce agaji banza ba ne.

To, ina kuɗin suke tafiya? Da farko, adadin da kike ji a labarai sau da yawa abin da aka roƙa ne ko aka yi alkawari, ba abin da ya shigo hannu ba. Kowace shekara OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan jinƙai, yana fitar da jimillar buƙata, kuma a 'yan shekarun nan da ƙyar ake samun rabinta. A 2025 an nemi kimanin dala biliyan 47, amma bayan Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, wasu ƙasashen Turai kuma suka rage nasu kason, sai a watan Yuni aka zaftare shirin zuwa dala biliyan 29. Yadda wannan giɓi yake sauka a kan mutum ɗaya an gan shi a sansanonin Rohingya da ke Cox's Bazar a Bangladesh, inda a 2023 Hukumar Abinci ta Duniya ta rage kuɗin abincin kowane mutum daga dala 12 a wata zuwa 10, sannan zuwa 8, wato abin da bai kai santi 30 a rana ba, ga mutanen da doka ba ta ba su damar fita neman aiki ba. A ofis ana kiran wannan "fifita mafi buƙata", amma ainihin abin da ake yi shi ne a rage wa mai yunwa domin a ba wanda ya fi shi yunwa.

Kaso mai tsoka na abin da ya shigo kuma hanya ce take cinye shi. Buhun hatsi ba shi da tsada a tashar jirgin ruwa, tsadarsa tana wajen kai shi ƙauyen da gada ta karye kafin a isa gare shi. A Sudan ta Kudu damina tana rufe yawancin hanyoyi na watanni, saboda haka dole a jibge abinci a rumbuna tun da rani, idan kuma kuɗi bai zo a kan lokaci ba sai a koma jefa shi daga jirgin sama, wanda ya ninka kuɗin mota sau da yawa. Ga kuɗin sito da dako da man fetur da inshora da tsaron ma'aikata. Na yarda cewa wasu ofisoshi sun kumbura fiye da kima, kuma kuɗi yakan bi ta hannun hukuma uku ko huɗu, kowacce ta cire kasonta na gudanarwa, kafin ya isa ga ƙaramar ƙungiyar da take raba kayan. Wannan aibi ne na gaske. Amma mai ba da taimakon da yake neman ƙungiyar da ba ta kashe komai a gudanarwa, yana neman wadda ba ta da akanta ko mai bin diddigi ke nan, kuma a irinta ne kaya suke ɓacewa ba a sani ba.

Abin da ya fi ƙarancin kuɗi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin hanyar shiga. Dokar yaƙi ta haramta amfani da yunwa a matsayin makami, kuma Kwamitin Sulhu ya sake jaddada haka a ƙudurinsa mai lamba 2417 na 2018, amma rubutu ba ya ɗage shingen bincike. A Siriya, mashigai huɗu na kan iyaka da aka amince a 2014 a riƙa shigar da agaji ta cikinsu sun koma ɗaya tak a 2020, wato Bab al-Hawa da ke arewa maso yammacin ƙasar. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta afka wa mutanen da yawancinsu yaƙi ya riga ya kora sau ɗaya ko fiye, kuma sai bayan kwana uku ayarin farko na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shiga, lokacin da damar ciro masu rai daga ɓaraguzai ta kusa ƙarewa. A Sudan, inda yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023, an rufe mashigar Adre ta kan iyakar Chadi na watanni a 2024, kuma a watan Agustan wannan shekara aka tabbatar da aukuwar yunwa mai kisa a sansanin Zamzam da ke Darfur ta Arewa. Wannan ne ya sa ma'aikatan agaji suke nanata cewa ba sa goyon bayan kowane ɓangare kuma buƙata kaɗai suke dubawa, ƙa'idojin da Babban Zauren Majalisar ya amince da su a 1991. Daga nesa mutum zai iya ɗaukar wannan a matsayin tsoro, amma direban da zai ratsa shinge goma na ƙungiyoyi uku masu gaba da juna ba shi da wata kariya sai wannan suna. Ita ma kariyar tana raguwa, domin an kashe ma'aikatan agaji fiye da 380 a 2024, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan, kuma kusan dukkansu 'yan ƙasashen da suke aiki ne.

Satar kuwa ba kasafai take faruwa ta hanyar fasa sito ba, a kan takardar sunaye take faruwa. Duk wanda yake riƙe da jerin sunaye shi ne mai iko a sansani. A Goma, waɗanda suka shirya kisan ƙare dangi a Ruwanda su ne suka mamaye shugabancin sansanonin suna juya rabon abinci, har sashen Faransa na ƙungiyar likitocin MSF ya janye kafin ƙarshen 1994. A Uganda, tantancewa da hoton yatsu da aka yi a 2018 ta nuna cewa adadin da ke rubuce ya zarce na mutanen da ke ƙasa da kimanin 300,000. A Habasha an dakatar da agajin abinci na watanni a 2023 saboda karkatar da shi, kuma waɗanda suka sha wuyar dakatarwar ba su ne ɓarayin ba. Mafi muni shi ne abin da wani bincike ya bankaɗo a 2002 a Gini da Laberiya da Saliyo, inda wasu ma'aikata suke neman lalata da 'yan mata kafin su ba su abin da yake haƙƙinsu. Rajista da hoton yatsu ko na ido ta rage sunayen bogi, amma ta zo da nata matsala: tsohuwar da layin yatsunta ya goge saboda aiki, ko matar da mijinta ya tafi da katin gidan, ko wanda ya iso mako guda bayan an rufe rajista, duka suna iya zama ba su da rabo alhali suna tsaye a gabanki.

Yanzu ga tsawon zama, wanda shi ne zuciyar tambayarki. An buɗe sansanonin Dadaab a Kenya a 1991 da 1992 domin 'yan Somaliya, da niyyar zaman wucin gadi, kuma yau akwai waɗanda aka haifa a can da suka haifi nasu 'ya'yan a can. Zaatari a Jodan, wanda aka buɗe a 2012, ya zama gari mai kasuwa da tituna. Hanyoyin fita uku ne aka sani: mutum ya koma gida, ko ya zama ɗan gari a inda ya sauka, ko wata ƙasa ta uku ta ɗauke shi. Ta ukun ba ta samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijira a shekara. Ta farkon tana buƙatar yaƙi ya ƙare, a kwashe nakiyoyi, kuma wanda ya mamaye gonar ya tashi. Ta biyun shawara ce ta siyasa, kuma gwamnatoci da yawa suna gudunta domin tsoron 'yan ƙasa su ce an fifita baƙi. Babu ɗaya daga cikin ukun da ƙungiyar agaji take da ikon zartarwa. Abin da ya rage mata shi ne ta ci gaba da sabunta tantin da aka yi shi domin wata shida, da kasafin da ake amincewa da shi shekara-shekara, wanda ba ya ba ta damar shimfiɗa bututun ruwa na dindindin ko da ya fi tanka araha nesa ba kusa ba. Uganda ta gwada wata hanya, inda dokarta ta 2006 ta ba 'yan gudun hijira damar zirga-zirga da aiki, ana kuma yanka musu ɗan fili, kamar yadda aka yi a Bidibidi daga 2016. Tsarin bai rasa matsala ba, domin filayen sun ƙanƙance yayin da jama'a suka ƙaru, amma mutumin da yake noma ko yake da sana'a yana da abin da mai jiran katin rabo ba shi da shi, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A nan zan ɗan ratse in faɗi abin da hotuna ba sa nunawa. Mafi yawan waɗanda suka rasa matsugunansu ba a sansani suke ba. Suna cikin garuruwa, a gidajen dangi, a kangaye, a ɗakunan haya, kuma waɗanda suka fara ciyar da su talakawa ne irinsu da ba a taɓa rubuta sunansu a wani rahoto ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu tsallaka iyaka ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici ne suke ɗauke da su. Idan aka haƙa wa baƙi rijiya aka bar masu masaukin da rijiyarsu ta ƙafe saboda baƙin, an shuka gaba ke nan, kuma na ga inda hakan ya kai ga rufe hanyar motocin agaji.

Bala'o'in yanayi suna da wani bambanci mai muhimmanci, wato yawancinsu ana hango su. Bangladesh ta yi asarar aƙalla mutum 300,000 a guguwar Bhola ta 1970, tun tana Gabashin Pakistan, da kusan 140,000 a ta 1991, amma guguwar Sidr ta 2007, duk da ƙarfinta, ta kashe 'yan dubbai ne, saboda an gina mafaka masu tsayi an kuma horar da dubban 'yan sa-kai masu zagayawa da lasifika. A 2020 an ci gaba daga nan, inda aka tura wa iyalai kuɗi ta waya kwanaki kafin kogin Jamuna ya cika, domin su kwashe dabbobi su sayi abinci tun farashi bai tashi ba. Kishiyar wannan ita ce Somaliya a 2011. Gargaɗin fari ya fito watanni da yawa kafin lokacin, amma manyan kuɗi ba su motsa ba sai da aka ayyana yunwa a watan Yuli, kuma binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 258,000, rabinsu yara ƙanana, kuma kusan rabin mace-macen sun auku ne kafin sanarwar. Ihu bayan hari ke nan. Waɗanda ambaliya ta kora galibi suna komawa da sauri fiye da waɗanda yaƙi ya kora, amma komawa ba farfaɗowa ba ce: ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33 ta kuma raba kusan miliyan 8 da gidajensu, kuma a lardin Sindh ruwa ya kwanta a gonaki na watanni, ya cinye amfanin da ke ƙasa ya kuma hana shuka na gaba.

Game da tambayarki ta biyu, amsata kuɗi ne, in ban da yanayi kaɗan. Na taɓa shiga wani sito bayan wata ambaliya na tarar da ma'aikata shida, waɗanda ya kamata a ce suna wurin rabon sinadarin tace ruwa, sun kwana biyu suna tsince kayan da jama'a suka aiko da kyakkyawar niyya. Akwai takalma ƙafa ɗaya, da rigunan sanyi masu kauri a wurin da zafi yake hana barci, da kwalaye na magunguna da wa'adinsu ya wuce ko aka rubuta bayaninsu da harshen da babu mai karanta shi a wurin. Daga ƙarshe sai da aka biya kuɗi aka ƙona wani kaso. Mafi haɗari a cikin irin waɗannan kyaututtuka ita ce madarar gwangwani ta jarirai, domin idan aka dama ta da ruwa marar tsafta tana jawo gudawa, uwar kuma nononta ya ragu, kuma ranar da gwangwanin ya ƙare babu na biyu. Kayan da suke da amfani su ne waɗanda wata ƙungiya da ke wurin ta nema da sunansu da adadinsu, kuma aka saye su kusa.

Su kansu hukumomin agaji sun karkata zuwa ba mutane kuɗi a hannu ko ta waya a duk inda kasuwa take ci. An lura tun da daɗewa cewa iyalai suna sayar da wani ɓangare na hatsin da aka ba su, da asara, domin su biya kuɗin niƙa ko makamashi ko magani, abin da ya nuna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsoron da ake yi cewa za a kashe kuɗin a banza, bincike a ƙasashe da dama bai gaskata shi ba. Kuɗin kuma yana zagayawa a hannun 'yan kasuwar garin da ya karɓi baƙin, wanda yake rage ƙyashi. Iyakarsa ita ce inda aka yi wa gari ƙawanya ko hanyoyi suka yanke, domin a can kuɗi ba zai haifar da abincin da babu ba, sai dai ya tayar da farashi.

Wajen zaɓen wanda za ki ba, ki tambaya ko ƙungiyar tana aiki a wurin tun kafin masifar, ko tana wallafa rahoton kuɗinta da wani mai bincike na waje ya duba, da kuma yadda wanda aka zalunta a wurin rabo zai kai ƙara ba tare da ya bi ta hannun wanda ya zalunce shi ba. Kada ki raina ƙananan ƙungiyoyin cikin gida. A taron duniya kan agajin jinƙai da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa gare su, alkawarin da ba a cika ba, alhali a Khartoum da wasu biranen Sudan matasan unguwanni ne suka riƙe dafa abinci na gayya lokacin da manyan hukumomi suka kwashe ma'aikatansu. Idan kuma kin amince da ƙungiya, kada ki ɗaure kyautarki da sharaɗin sai an kashe ta a kan wani abu guda ko wata masifa guda da take kan labarai, domin bayan tsunamin 2004 wasu ƙungiyoyi sun samu fiye da abin da za su iya kashewa, har MSF ta roƙi jama'a su daina aiko mata da kuɗi domin wannan masifa, a daidai lokacin da wasu rikice-rikicen ba su da mai waiwayarsu. Idan da hali, ki raba abin da kika yi niyya gida biyu, ki ba da rabi yanzu, ki riƙe rabin zuwa wata na shida ko na takwas, lokacin da 'yan jarida sun tafi, ledar tantuna ta soma yagewa, masai sun cika, kuma kwangilar tankokin ruwa ta zo ƙarshe.